Sunan da Inna Ba Ta Faɗi

Ina da wa, amma har na yi aure na haihu ban taɓa jin sunansa a bakin uwarmu ba. Ba faɗa suka yi ba. Ɗan fari ne, ita kuwa Inna Salamatu irin matan nan ce da kunyar ɗan fari ta shiga musu har ƙashi. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Wasu matan sama-sama suke yi, a gaban surukai kawai. Inna kuwa ina jin ko a mafarki ba ta yarda ta faɗa. In magana ta kama dole sai ta ce “wancan na kudu”, ta yi maza ta sako zancen tsadar gishiri.

A aurenta na farko ta haife shi, can wajen Jibiya, ƙetaren iyaka. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi riƙo kamar yadda aka saba. Auren bai yi ƙarko ba, Inna ta dawo gida, daga baya ta auri babanmu a Garin Jaye, wani ƙauye kudu da Cadawa, ta haife ni, Tala, da ƙannena. Ba wanda ya taɓa ganin wan nawa a garinmu. Sunan ma a wajen Kawu na sato shi: Jibo. Sai kuma wani tsohon majanyi na saƙi da ke ƙasan kwallar Inna, ƙarƙashin zannuwan Salla, wanda ba ta goya ko ɗayanmu da shi ba. Ranar da na fito da shi ina yarinya na sha marin da har yau ina tunawa. Da na kai ƙara wajen Kawu sai ya yi dariya, ya ce shi ya sayo shi a kasuwar Katsina ranar sunan Jibo, in kuma ina son kumatuna kar in sake taɓawa.

Kawu shi ne Malam Na'Allah, wan Inna. Ya daɗe yana karatu a Katsina da Zariya, ya dawo da fannoni biyu da ba wanda ya aike shi ya samo: mantiƙi, wato ilimin auna hujja, da balaga, ilimin sarrafa magana. In ka kuskura ka ce masa za a yi ruwa don kwaɗi na kuka, ka shiga uku, sai ya tsare ka har azahar kan shin kukan ne ke kawo ruwan ko ruwan ke kawo kukan. Mutane na kawo masa rigimar iyakar gona don ba ya son kai, amma kowa da ciwon kai yake fita.

Bayan rasuwar babanmu ni ke kai masa tuwo zaure, don haka na sha karatun da ban roƙa ba. Yakan ce magana tukunya ce bisa duwatsun murhu uku: hujja, da mutuncin mai faɗa, da zuciyar mai ji. Na biyun farko yana ɗaukarsu da daraja. Na ukun kuwa sai ya yatsina fuska.

“Wanga dutse na maroƙa ne da 'yan partin siyasa,” in ji shi. “Kowa ya iya sa mutum kuka, Tala. Albasa ma ta iya.”

Ni kuwa in ce, “To Kawu, tukunya ta taɓa zama bisa dutse biyu?” Sai ya ce in kwashe kwanona in ba shi wuri.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba sai shekarar tsoro ta zo. Da kaka ne, gero na ɗaure a gona, ana tsinkar gyaɗa. Ranar kasuwar Cadawa mai shela ya buga ganga, ya ce akwai wasu masu bindiga da ke shigowa daga kudu a ɓoye, duk garin da ya ga baƙon ido ya kama shi, garin da ya ɓoye kuwa ya kuka da kansa. Daga nan sai jita-jita ta karɓi aiki. Aka ce wani gari wajen Gazawa an kwashe mazansa a mota ba su dawo ba, an sa wa rumbunansu wuta. Ba wanda ya san sunan garin, amma kowa ya san wanda ya ji daga bakin wanda ya gani. Ni kaina in na ji ƙugin mota daga nesa sai in suri ɗiyata in goya, ban san inda zan gudu ba.

Nomau, sarkin samarin garinmu, shi ya tara maza suna tsaron hanya da gora da kwari da baka. Kar a ɗauka mugu ne. Shi ke ja gaba a gayya, shi ke haƙa kabari in an yi rashi, yana yaro ma ya yi zaman zauren Kawu. Tsoro ne ya cinye shi. Yana da ɗiya mata ƙanana, ya rame, idanunsa sun faɗa. Kawu kuwa mutane suka fara janye jiki daga zaurensa, don kowa ya tuna inda ya yi karatu. Wanda jiya yake durƙusa masa, yau sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce.

Ran nan da hantsi muna bayan gari muna tsinkar gyaɗa sai muka ji kuwwa. Na yar da ƙwarya na bi mutane a guje zuwa ƙofar mai gari. A gindin tsamiya na tarar da mutum zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar guga, leɓensa ya fashe, ga kekensa a yashe. Dogo ne, ba zai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. An zazzage jakarsa: goro, dabino, sabulu, da sabon zane a ninke. Wani yana ta cewa ai haka suke yi, da tsaraba suke rufe idon mutane.

Mai gari Buba, tsoho ne tukuf, yana zaune bisa buzu da carbinsa a hannu. Ya tambayi baƙon daga ina, wajen wa.

“Ranka shi daɗe, daga Jibiya,” in ji baƙon. “Wajen uwata na zo. Salamatu, ƙanwar Malam Na'Allah. Matata ta haihu, na ce bari in zo da kaina in hwaɗa mata ta yi jika. Ban taɓa zuwa ba. Wallahi ban san abin da ake ciki nan ba.”

Na dubi goshinsa, na dubi yadda kunnuwansa suka tsaya, sai na ga ƙanena Amadu sak. Na ɗaga murya na ce wana ne, amma uwar mijina ta damƙe ni a hannu har farcenta ya shige ni.

“Kin taɓa ganinshi?” ta ce a kunnena. “To rufe bakinki, kina da goyo.”

Mai gari ya ce a aika Cadawa a kira jandarma, 'yan sandan gwamnati. Nan wuri ya rikice. Wani ya ce in suka zo suka ji baƙon ya ambaci gida a garinmu, ai mu duka za a kwasa. Wani ya ce gara a gama da shi nan, a kai gawa, a ce mu muka kama, kowa ya ga ba mu da hannu. Maganar ta bi bakuna kamar wuta a busasshen kara. Na dubi fuskokin nan, mutanen da na sani tun ina rarrafe, ban gane ko ɗaya ba. Da ƙyar mai gari ya samu aka yarda a kira matar da aka ambata tukuna.

Inna ta zo da garin gero a hannuwanta, daga niƙa aka taso ta, ba wanda ya gaya mata dalili. Maza suka buɗa mata. Tana ɗora ido a kansa ta tsaya cak. Ta gane shi, na rantse ta gane shi tun kafin ya ɗago kai. Sai jikinta ya yi abin da ya saba tun ba a haife ni ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya, ta fuskanci dangar gidan mai gari.

“Inna, kin san wanga mutum?” in ji Nomau.

Inna ta ƙara jan mayafi.

“Ya ce ɗanki ne. Inna, ki yi magana. Ɗanki ne ko ba ɗanki ba?”

A gaban maza duk na gari, da dangin mijinta, da surukinta, ake so ta buɗe baki ta ce wannan ɗanta ne na fari. Na san kunya ce ta riƙe mata harshe, na kuma san ba ita kaɗai ba ce, don ita ma ta ji labarin motar nan, ga Amadu da ƙaramarmu a gida. Baƙon ya ce “Inna” sau ɗaya, a hankali, kamar mai gwada kalmar a baki. Ba ta juyo ba.

“Kun gani!” Nomau ya yi ihu. “Ko kallo bai ishe ta ba!”

Ban ga wanda ya kai dukan ba. Gora ce ta sauka a gefen kansa, daidai kunne, ya kife a ƙasa jini na bin wuyansa. Na yi kururuwa. Daidai nan Kawu ya kutso, takalmi ɗaya a ƙafa, rawani a warware. Ya tsaya tsakanin gorori da mutumin da ke kwance, ya ɗaga hannu. Ban taɓa ganin Kawu da tsoro ba sai ranar, abin ya ƙara kashe mini jiki.

“Jama'a, ku ba ni aron kunne kaɗan, ba gudu zai yi ba,” in ji shi. “Tambaya gare ni. In anka kawo baƙo gari a ɗaure, mata mi sukan yi?”

Wani tsoho ya ce, “Kallo.”

“To ku duba matanku. Duk ga su nan sun zuba mishi ido, har da masu leƙe ta danga. Wa ce ba ta kallo? Mace ɗaya. Yanzu ku hwaɗa mini, a ƙasar ga, wa mace ka juya ma baya? Surukinta, da ɗanta na fari. Ko akwai na uku?”

Kawu ya nuna mutumin da ke kwance.

“Wanga ba surukinta ba ne, ga mijin Tala can tsaye. To mi ya rage? Abin da kunka ɗauka shaidar ba ta san shi ba, shi ne shaidar ita ta haife shi.”

Wallahi sai da na ji kamar in yi guɗa. Dattawa suka fara gyaɗa kai, wani ya ce ai kuwa haka Salamatu take, wani ya sauke gorarsa ƙasa. Na ce a raina duk ciwon kan da Kawu ya sa wa garin nan yau ya biya.

Sai Nomau ya matso. Bai ɗaga murya ba.

“Malam, kai ka koya muna a zaurenka, alama in tana da dalili biyu ba ta zama shaida. Ko ba haka kac ce ba?”

“Haka na ce.”

“Mace na juya ma ɗan fari baya. Mace kuma na juya ma jini baya, da mutumin da ta ga za a kashe. Mi ya nuna muna wanne ne?”

Na zuba wa Kawu ido ina roƙonsa a zuci ya yi ƙarya, ya murɗa magana, ya jawo wani Larabci ya rufe wa yaron baki. Ya iya, na san ya iya. Amma Kawu Kawu ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Gaskiyarka, Nomau. Ba ta yanke ba.” Da ina kusa da shi da na shaƙe shi da rawaninsa.

Ya yi saurin ƙarawa da cewa in akwai shakka ai ba a kisa, don ɗaure ana kwancewa amma rai ba a maidowa, a tsare shi a aika Jibiya a tambaya. Magana ce mai kyau, sai dai ba wanda ya ji ƙarshenta, don Nomau ya riga ya juya ga jama'a, hawaye na zuba a fuskarsa. Ba na ƙarya ba ne, shi ya sa suka yi aiki.

“Ku ji, wai a aika kudu! Kafin ɗan aike shi dawo mota ta zo. Ni ɗiyana ƙanana ne. Jiya ƙaramar ta tambaye ni in anka tahi da ni wa zai ɗebo musu ruwa. Ku dubi rumbunanku, yanzu munka cika su. Kuna so ku tsaya kuna kallo suna ci da wuta saboda mutumin da ba wanda ya san shi? Sunan mace da sunan malami, wa zai kasa haddacewa? Shi kanshi Malam, ina yay yi karatu?”

Tambayar nan ta ƙarshe ita ta kashe mu. Wuri ya ɗauki ƙugi. Waɗanda suka sauke gora suka sake ɗauka, wani ya ja Kawu ta riga har ta yage, wani yana cewa a haɗa da shi. Mai gari na magana ba a ji. Ɗiyata ta fashe da kuka a bayana. Na ga wani ya ɗauko dutsen da ake kafa tukunyar mai ƙosai. Na ce shi ke nan, yau zan ga wana da idona, yau kuma zan ga gawarsa.

Kawu ya gyara yagaggiyar rigarsa. Ya dubi taron, ya dubi mutumin da ke kwance ba ya motsi, sannan ya dubi bayan Inna. Sai ya yi abin da ban zata ba, ya juya wa mazan baya gaba ɗaya, kamar ya gama da su. Da ya sake magana, da muryar da yake sanar da rasuwa bayan sallar asuba ya yi, muryar da duk garin ya sani, wadda in aka ji ta ko yaro sai ya nutsu.

“Shi ke nan. Ku yi abin da za ku yi. In kun gama ku bar mini gawa, ni zan wanke.”

Ƙugin ya ragu. Har mai dutsen ya tsaya.

“Tala,” ya ce, bai kalle ni ba, idonsa na kan mayafin Inna. “Tahi ɗakin uwarki. Ƙasan kwalla akwai majanyi, kin san shi. Ɗauko mini. Baƙo ne, ba shi da mai yi mishi likkafani garin ga. Da shi anka goye shi, da shi za mu rufe mishi fuska. Salame, kin aje shi shekara da shekaru ba ki san ranar aikinshi ba. To ga ta ta zo.”

Na tsaya kamar an dasa ni. Ya daka mini tsawa, “Tahi na ce!” Na juya, na ɗaga ƙafa, ina kuka ba na ganin gabana.

Ƙarar da na ji a bayana ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Na waiwaya. Inna ta yar da mayafi, kanta ba ko ɗankwali, furfurarta a waje. Ta ture wani ƙato da ke gabanta har ya yi taga-taga, ta faɗa kan mutumin nan ta rufe shi da jikinta, ta tallabo kansa, garin hannunta na cakuɗa da jininsa.

“Jibo! Jibo! Jibrilu! Ɗana ne! Ni na haife shi, ni na goye shi! Jibona, tashi, ga ni! Ku kashe ni tukuna!”

Mata suka dafe baki. Uwar mijina ta sake ni, ta ce, “Innalillahi, ta hwaɗi sunan.” Dattawa suka kawar da kai, wasu suka dubi ƙasa, kamar an yaye wa Inna zane a tsakiyar kasuwa suna kallo. Ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Duk wanda ke wurin uwa ce ta haife shi, wasunsu 'yan fari ne da ba su taɓa jin sunansu a bakin tasu uwar ba. Sun san mace irin Salamatu ba za ta yi wannan don baƙo ba, ko da wuƙa a wuyanta. Ita kuwa ba ta daina ba, sai faɗa take tana maimaitawa, kamar duk wanda ta haɗiye tun ranar suna ne ke fitowa.

Dutsen ya faɗi ƙasa. Nomau ya dubi gorar da ke hannunsa, ya sake ta, ya zauna daɓas a cikin rairayi ya haɗa kai da gwiwa. Shi ma ɗan fari ne, sai daga baya na tuna. Mai gari ya samu muryarsa, ya ce a kwance igiyar nan, a ciro ƙyauren zaure a ɗauki yaron a kai shi gidan uwarsa. Cikin waɗanda suka ɗauka har da wanda ya yaga rigar Kawu.

Tsoro bai tafi ranar ba. Washegari mai gari da Kawu suka hau jakuna zuwa Cadawa suka kai bayani da bakinsu, mu kuma muka zauna kunne a hanya. Da motar jandarma ta zo na ɓoye ɗiyata a bayan rumbu ina karanta duk abin da na iya. Aka yi tambayoyi a ƙofar mai gari, aka leƙa majinyacin, motar ta koma ba kowa a bayanta. Sai a lokacin na ji yunwa.

Da na kai wa Kawu tuwo da yamma na kasa haƙuri. Na ce, “Kawu, wancan na jiya wane dutse ne cikin ukun?”

Bai kore ni ba.

“Hujjata daidai take, Tala. Ɗanta ne, kuma don haka ta juya baya.”

“Na sani. Amma ba ta sauke gora ba.”

“Ba ta sauke ba.” Ya ture kwanon gefe. “Na tsaya ina ma garke magana, alhali mutum ɗaya ya kamata in yi mawa. Na san inda ke mata ciwo, na sa yatsa na danna. Ko maƙiyi ban taɓa yi ma haka ba.” Tuwon nan haka na dawo da shi.

Inna kuwa kunya ta dawo mata ninki biyu. Ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa suna da biki, in ta ji sallamar namiji sai ta shige ɗaki. Ita ke dama kunu, ita ke dafa ganyen da ake gasa masa kai, amma ba ta taka ƙofar ɗakin da yake kwance ba. Sai ta miƙo mini ƙwarya fuska a kauce ta ce, “Kai ma baƙon nan.”

Jibo ya farfaɗo, ya fara zama, ya fara cin tuwo. Kunnen da aka doka dai ya tafi ke nan, sai ka zagayo ta ɗayan. Wata rana da la'asar ina zaune kusa da shi a inuwar ɗaki yana wasa da ɗiyata, Inna na daka a bayan danga, sai ya rage murya.

“Tala, Amadu ya ce wai ta kira sunana.”

Na dube shi. Sai a lokacin na gane. Tun saukar gorar nan bai san inda yake ba. Gari duk ya ji, har masu leƙe ta danga, har wanda ya ɗauko dutse. Shi kaɗai ne bai ji ba.

“Ta kira, Yaya.”

“Da ƙarfi?”

“Ina jin har Cadawa an ji.”

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya goge ido da bayan hannu.

“Ƙaƙa ta hwaɗe shi? Jibo tac ce, ko Jibrilu?”

“Duka biyun. Har da Jibona.”

“Gwada mini.”

Na buɗe baki na kasa. Ba muryata yake nema ba, ni da shi duk mun sani. A bayan danga taɓarya ta tsaya. Inna na jinmu. Jibo ya juya kansa a hankali, ya mai da kunnensa mai ji wajen dangar, ya riƙe numfashi. Ni ma na riƙe nawa. Muka jira har kaza ta zo ta tsattsaga tsakaninmu ta wuce.

Sai taɓarya ta ci gaba da sauka a turmi.

Da ya samu ƙarfin hawa keke ya yi shirin komawa. Inna ba ta fito rakiya ba, ta aiko ni da ƙullin tsaraba: gyaɗa, da kuka, da daddawa. A bakin gari ya kwance don ya gyara ɗauri, sai ga majanyin nan a ƙasan kayan, an wanke shi an ninke. Ya ɗago shi yana juyawa, ya tambaye ni na mene ne.

Na ce na jaririn ne, a goya shi da shi. Sauran bayanin ban iya yi ba. Ya sa shi cikin riga, daidai ƙirji, ya hau keke ya nufi kudu. Har Inna ta koma ga Allah ba ta sake faɗin sunan ba, shi kuma duk zuwan da ya yi bayan nan, in zai zauna a tsakar gida, sai ya zauna kunnensa mai ji na fuskantar ɗakinta.